Taku Biyar Cikin Gonar Malam Hudu

Zuwa ga ɗana Istifanus,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata ka sauka lafiya, ka samu ɗaki mai iska da abokan zama na kirki. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ƙuli-ƙulin da ta ɗaure maka ya ga ƙofar makarantar, ko tun a mota ka gama da shi. Yayyenka da ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah Ya tsare ka daga sharrin baƙon wuri, Ya ba ka lafiyar jiki da buɗaɗɗen kai.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Wata magana ce na so in faɗa maka a tasha, bakina ya ƙi buɗewa. Ka tuna na riƙe hannunka na daɗe ban saki ba, har kwandasta ya fara dukan jikin mota? Ka ɗauka kewa ce. Akwai kewar, amma kunya ta fi ta yawa. Na gwada kiranka a waya sau biyu, ina jin ta fara ƙara sai in kashe. Shi ya sa na koma ga takarda, ita ba ta kallon idon mutum.

Ran Lahadin da ikkilisiya ta yi maka addu'ar sallama, fasto ya tambaye ka abin da ya sa kake son shiga makarantar masu bishara. Ka miƙe a gaban jama'a ka ce kana so ka zama kamar babanka. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina kan kujerar dattawa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar tuwo bai sake yi mini daɗi ba. Don haka ka samu wuri ka zauna, ka karanta wannan har ƙarshe, ka san ko wane ne uban naka.

Ka san gambar da ta raba gonarmu da ta Malam Hudu, maƙwabcinmu na gabas. Kakanka Ranau ne ya dasa ta, shi da mahaifin Malam Hudu, tun ba a haife ni ba. Kakanka bai taɓa taka majami'a ba. A kan addinin iyayensa ya mutu, da tsafinsa da tulun giyarsa, kuma bayan na karɓi baftisma na sha kawar da kai idan ya zo wucewa ina cikin mutane, ina ganin na fi shi. Amma shi ko zangarniyar gero ɗaya ce ta kwanto daga gonar maƙwabci, da hannunsa yake tura ta ta koma inda ta fito. Ni mai baftisma, ni na ci iyaka.

Shekarar da aka haife ka, ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya zaizaye ƙasan gonar ya tumɓuke kusan rabin gambar. A lokacin Malam Hudu yana fataucin gyaɗa a kasuwar Gezawa, ba ya samun zama. Ya tsaya a bakin hanya, ƙafa ɗaya a kan keke, ya ce, "Bulus, kai ne kullum a gona. Don Allah ka mayar mana da ita inda take, ba sai na zo ba." Na ce, "An gama, Malam." Na ɗauki fartanya. Na san inda take sarai, ramukan ma ba su gama cikewa ba. Sai na dubi ƙasarsa, baƙa wuluk, don yana da shanu kuma ba ya rowar taki, na dubi tamu ja kamar garin bulo. Na matsa taku ɗaya na dasa. Na ce a raina ai ruwa ne ya ɓata wurin, wa zai rantse ga daidai inda take.

Gamba ba ta da gardama. In ka dasa ta da danshi, kwana goma ta kama ta yi kamar a nan aka halicce ta. Da shekara ta zagayo ba ruwan da ya tumɓuke komai, amma na sake. Ran Juma'a nake yi. Ina ganin sun wuce masallaci, shi da 'ya'yansa da masu yi masa ƙwadago, gonaki sun yi tsit, sai in hau aiki. Kafin su dawo na gama sashe guda na huɗe tsohon wurin. Su kuwa ran Lahadi muna majami'a, ban san sau nawa Malam Hudu ya kore mana awaki daga cikin wake ba. Damina biyar na yi ina wannan, taku biyar, daga wannan kai zuwa wancan. Doguwar gayaunar da na yanka maka da ka isa riƙe garma, inda ka dasa mangwaronka, ita ce wurin. Kaf ɗinta ƙasar Malam Hudu ce.

To ka ji nasiha ta farko. Ɗana, ban taɓa tashi da safe na ce yau zan zama ɓarawo ba. Da wani ya ce mini in ɗebi taku biyar rana ɗaya, da na zage shi. Ɗaya na ɗauka, kuma na samo masa dalili. Ka ji tsoron abin da za ka samo wa dalili cikin sauri. Ka fi jin tsoro kuma a inda aka amince maka. Aikin da za ka shiga aiki ne da mutane za su miƙa maka makullinsu da asirinsu da 'ya'yansu su ce ba sai sun zo ba. Duk ranar da ka ji an faɗa maka haka, ka nemi wani ya tsaya kusa da kai, ko da kana ganin ba ka bukata.

A cikin waɗannan shekarun ne fa aka zaɓe ni dattijo, ka ga abin dariya. Idan fasto ya yi tafiya ni ake ba wa'azi, kuma ba abin da nake so kamar wuraren da ke maganar shari'ar Allah. Ka sha ji daga bakina. Almasihu mai zuwa da abin shiƙa a hannunsa, zai share masussukarsa, ya tara tsaba a rumbu ya ƙone ƙaiƙayi. Gatari a ajiye a gindin itacen da ba ya 'ya'ya. Manomi ba ya bukatar a fassara masa waɗannan, yana ji yana ganinsu. Ni kuma Allah Ya ba ni murya, in na ɗaga ta har 'yan bayan taga sai sun nutsu. Daɗi nake ji, Istifanus. Ina faɗar wuta ina jin daɗi, domin a raina kullum wasu ne a cikinta.

Akwai Talatu matar marigayi Bawa, ba za ka tuna ta sosai ba. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta koma dafa burkutu irin yadda uwarta take yi. Wata Lahadi na yi wa'azin ƙaiƙayi ina kallonta, ban ɗauke ido ba har kowa ya juya. Bayan sujada muka zauna mu dattawa, ni na fi kowa zafi, aka sa ta a horo, ta koma bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji, gurasar da muke rabawa don tunawa da Almasihu. Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Dattijo, na ji. Ni dai tukunyata a tsakar gida take, kowa yana gani." Ba ta san komai game da gona ba, maganarta kawai ta yi. Amma na yi kwana uku ina huci, ina cewa matar nan ba ta da kunya. Ta yi wata biyu a bencin bayan, sannan ta daina zuwa. Har yau ba ta sake shiga majami'a ba, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa kai mata ko tiya ɗaya ta dawa ya ce ta sauke tukunyar.

Ban ce maka shari'ar Allah wasa ce ba. Gaskiya ce, kuma yanzu na fi gaskata ta fiye da lokacin da nake ihu da ita. Amma ka je ka tsaya kusa da innarka ranar da take shiƙa. Kafin ta ɗaga ƙwarya, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe suke, kuma ƙaiƙayin ne a sama, shi ya fi cika ido. Ba ya raba kansa, ba ya kuma nuna wani ya ce wancan ne. Mai shiƙa ce take ɗagawa, iska ta yi aikinta. Ni na manta cewa a cikin ƙwaryar nake, na ɗauka ni ke riƙe da ita. Haka ma shibra, geron banzan nan da ke tsirowa cikin na kirki. Kai da kanka ka san ba mai raba su da ido kafin su fid da kai, shi ya sa Ubangiji ya ce a bar rabuwar sai ranar girbi. Idan aka ba ka wa'azin shari'a, ka fara yi wa kanka shi a ɗaki har sai ya tsorata ka. In bai tsorata ka ba, kada ka hau da shi. In kuwa ka ga idonka yana neman wani mutum ɗaya a cikin jama'a, ka sunkuyar da kai ka dubi takardarka.

Innarka ta sani. A damina ta biyar ta kawo mini fura da wuri wata Juma'a, ta same ni da tushen gamba a hannu, ƙasa na zuba daga saiwarsa. Ta dube ni, ta dubi gonar Malam Hudu, ta ajiye ƙwaryar ta juya. Ni kuma sai na samo dabara, irin ta wanda ya san Nassi. Da kaka ta yi, na ware geron wurin daban, na ɗaure manyan dammuna uku. Ranar godiyar kaka, da ake shiga da amfanin gona ana waƙa, na sa aka shigar da su har gaban bagade, teburin hadaya na majami'a. Ba wanda ya kawo kamar nawa. Fasto na lokacin ya kira sunana ya ce a yi koyi da ni. Na duba cikin zumuntar mata ban ga innarka tana rawa ba, tana zaune ta haɗa tagumi.

Da muka koma gida na tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Ta ce, "Maigida, Allah ce maka Ya yi yunwa Yake ji? In za ka ba Shi, ka ba Shi naka. Ba kai kake karanta mana cewa mai kawo wa Allah baiko ya ajiye baikonsa ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna ba?" Na daka mata tsawa, na ce tun yaushe mace ta fara koya wa dattijon ikkilisiya Nassi. Na yi mako guda ba na amsa gaisuwarta. Daga shekarar ban ƙara matsar da gambar ba, wannan kam tsoron innarka ne ya hana ni. Amma ban mayar ba. Kowace kaka sai in kai dammunan wurin majami'a, in durƙusa in ce Ubangiji Ka gafarta mini, har hawaye nake yi na gaske, in tashi in ji sakayau. Damina na sauka in sake shuka wurin.

Wannan ba tuba ba ce, ɗana, ko da ta yi kama da ita. Na so Allah Ya yafe mini abin da ke hannuna ba tare da na buɗe hannun ba. Za ka haɗu da irina da yawa, masu kuka a gaban bagade, kuma za ka so su domin suna sa wa'azinka ya yi armashi. Ka tambaye su a hankali, a keɓe, ko akwai ƙofar da ya kamata su je su yi sallama. Kai ma ka riƙa tambayar kanka. Idan kuma Allah Ya ba ka mace mai faɗa maka gaskiya a cikin ɗaki, kada ka yi mata abin da na yi wa innarka. Ta riƙe wannan magana fiye da shekara ashirin ba ta tona ni ba, ba ta kuma taɓa sa hannu a geron wurin ba, ko sussuka ko shiƙa. Kun sha tambayarta dalili tana ce muku bayanta ke ciwo.

Ta ƙarshe ita ta fi ci mini rai. Akwai misalin ɓauren nan da ya ƙi 'ya'ya, mai gona ya ce a sare, mai kula da shi ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya a zuba masa taki a gani. Ni sai na mai da shi izini. Kowace shekara ina da niyya. In na tashi da bazara sai in ce bari a cire amfani tukuna. In kaka ta yi sai in ce ai ƙasa ta bushe, gamba ba za ta kama ba. Da na ba ka wurin sai na ce yanzu kuma yaron zan cuta. Babban uzurina kuwa shi ne ikkilisiya. Na ce mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, in maganar ta fita za a ce ga halin Kiristoci nan, har dattijonsu. Na ɓuya a bayan sunan Almasihu don kada a ga fuskata. Mai kula da ɓauren shekara ɗaya ya roƙa, ni na ci fiye da ashirin.

Ran Larabar da ta wuce, kwana biyu bayan tafiyarka, na sa rigata na tafi gidan Malam Hudu. Ka san shekara biyu ke nan tsufa ya taɓa masa kai. Na same shi a zaure a kan buzu, an jingina shi da bango. Na cire takalmi na durƙusa, na faɗa masa komai, tun daga ruwan farkon nan har dammunan. Yana ta kallona yana murmushi. Da na gama sai ya ce, "Ranau, kai ne? Yaya gero? An yi ruwa wajenku?" Na ce, "Malam, Bulus ne, ɗan Ranau. Iyakarka na ci." Ya ce, "Madalla, madalla. Ka gaida gida." Ya laluba aljihu ya ɓaro goro ya miƙo mini. Sau uku ina maimaitawa, sau uku yana tambayata ruwa. Mutumin da na cuta yana gabana da ransa, amma ba wanda zan roƙa.

Ashe babban ɗansa Sabi'u yana tsaye a ƙofar cikin gida, ya ji duka. Ya shigo ya zauna. Sannan ya ce, "Baba Bulus, ka san mari nawa Malam ya taɓa yi mini a duniya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ɗaya. Ina saurayi na dawo daga huɗa na ce masa layuka sun ragu, ana cin mu ta yamma, don da hannuna nake huɗe gonar nan, na san ta. Ya ce wa nake zargi. Na ce kai. Ya kwaɗa mini mari a gaban ƙannena. Ya ce mutumin da ba ya sha, ba ya rantsuwa, mai tsoron Allah irin Bulus, shi zan ɗora wa sata? Washegari ya ɗora mini ƙwaryar gyaɗa ya ce in kai maka in gaishe ka, shi ne ban-haƙurina."

Istifanus, na tuna ƙwaryar nan. Na tuna shi tsaye a ƙofar gidanmu, kansa a ƙasa. Na karɓa na ce Allah Ya yi masa albarka, na ce yaron kirki. Mun ci gyaɗar.

Na ce masa ya yi mini duk abin da ya ga dama. Ya ce, "Ƙasa dai ka dawo da ita, a gaban mai unguwa. Yafiyarta ba a hannuna take ba, ga mai ita nan," ya nuna tsohon. "Marin kuwa, ka ba ni lokaci." Bai raka ni ƙofa ba, kuma bai kamata ya raka ni ba.

Ran Asabar mai unguwa zai zo a kafa turaku a tsohuwar iyaka, ruwa na sauka in mayar da gambar da hannuna. Na gaya wa fasto, ran Lahadi zan tsaya gaban ikkilisiya in faɗa da bakina, in sauka daga kujerar dattawa. Daga nan sai gidan Talatu, in ta yarda ta saurare ni. Za a yi surutu, a majami'a da kasuwa, kuma zai iso kunnenka. Na fi so ka fara ji daga wajena.

Na gaskata jinin Almasihu ya isa ya wanke har irina, ba don haka ba da ban iya ɗaga alƙalamin nan ba. Ƙofarsa a buɗe take. Amma ƙofofin mutane suna rufewa, ɗana, wani da mutuwa, wani da tsufa, kuma ba a sanar da kai ranar. In ka cuci mutum, ka je masa a ranar, tun yana iya gane fuskarka.

Saura kai. Kai kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yana, kuma abu na farko da na taɓa ba ka na ce naka ne, na sata ne. Shekara tara kana zuba guminka a wurin, ka ɗebo ruwa a jarka ka raya mangwaron nan har ya fara 'ya'ya. Duk zai tafi, har itacen, kuma ban tambaye ka ba kafin in bayar, don ba nawa ba ne balle in yi shawara da shi. Ina roƙonka gafara. In ka yafe mini, ka rubuto ka faɗa. In ba ka iya ba tukuna, ka rubuto ka ce ba ka iya ba. Kada ka yi mini ladabin ƙarya don ni ubanka ne, na ƙoshi da girman da ban cancanta ba. Zan jira, ko zuwa yaushe ne.

Ubangiji Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya tsare ka daga ciwo da mugun aboki da yabon mutane. Ya ba ka zuciya mai saurin tuba da ƙafa mai saurin zuwa. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Bulus